Maganin Tari Wanda Ba Ya Sa Maye: Me Yake Yi A Jikinmu?

Da zarar an gama kaka, iskar hunturu ta fara kaɗawa, duk gidan da kika shiga a ƙasar Karaye da Rogo, tun daga Yammedi har zuwa Zarewa, da wuya ki fito ba ki ji wani yana tari ba. Dalilan kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Ga ƙurar da iska ke kwasowa tun daga hamadar ƙasar Chadi, ga ƙaiƙayin sussuka da shiƙa, ga hayaƙin itace da na kara a wurin girki, ga kuma na garwashin da akan shiga da shi ɗaki domin jin ɗumi. Masunta da masu noman rani a bakin dam ɗin Challawa da na Kusalla kuwa, tun da asuba suke shiga sanyi. Kowa ya kwaso mura gida zai kawo ta, a gida kuma uwargida ce likitan farko. Ita za ta kwana zaune, ita ce kuma za ta aiki yaro kemis da safe ta ce ya sayo maganin tari.

To, wace kwalba za a miƙo masa? Mene ne a cikinta? In an sha ina yake zuwa, me kuma yake yi? Yawancinmu ba mu taɓa tambaya ba, alhali kuwa wannan kwalba da muke ajiyewa a bayan kwalla ko a kan taga tana da amfani in an san ta, tana kuma da haɗari in an jahilce ta.

Yadda aka rabu da kodin

Shekaru da yawa maganin tarin da ya fi suna a ƙasar nan shi ne mai kodin a ciki. Shi kodin daga ƙaron wani fure ake samunsa, furen da ake yin mofin da hodar iblis ta hirowin da shi. Wani masanin haɗa magunguna na Faransa, Pierre Robiquet, shi ya fara ware shi a 1832. Yana kwantar da tari, yana rage zafin ciwo, amma idan ya shiga jiki hanta takan mai da wani kashi nasa mofin, daga nan sai maye, sai sabo, sai mutum ya kasa zama lafiya in bai sha ba.

Mu a Jihar Kano ba labari aka ba mu ba. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa an ƙiyasta ana shan kwalba fiye da miliyan uku kullum a jihohin Kano da Jigawa. A ƙarshen watan Afrilu na 2018 gidan BBC ya nuna wani fim a kan yadda ake fitar da wannan magani ta bayan fage ana sayar wa matasa, da halin da waɗanda suka kamu suke ciki a Kano. Ran 1 ga Mayu, 2018, Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya ba da sanarwar hana shigo da kodin domin haɗa maganin tari. A cikin wannan sanarwa ya ce a maye gurbinsa da wani sinadari mai suna destirometofan, wanda bai kai kodin sa sabo ba.

Wannan dogon suna shi ne a cikin yawancin kwalaben da ake kira maganin busasshen tari a yau. An rubuta shi da Turanci a jikin kwalba, yana farawa da harafin D, wasu kamfanoni kuma sukan taƙaita shi da haruffa biyu, watau DM. Mu ma DM za mu riƙa ce masa domin sauƙi. Ba sabon magani ba ne. A wani kamfani na ƙasar Suwizalan aka fara haɗa shi, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi tun 1958, lokacin da su ma suke neman abin da zai raba mutanensu da kodin.

Tari mai gadi ne

Kafin mu gane aikin maganin, tilas mu gane shi kansa tarin. Iskar da muke shaƙa tana bi ta maƙogwaro, sa'an nan hanyar ta rabu biyu, ta yi ta rassa cikin huhu kamar rassan bishiya. Cikin waɗannan hanyoyi akwai majina 'yar kaɗan wadda ƙura da ƙwayoyin cuta ke mannewa a jiki, akwai kuma wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, waɗanda ba su da aiki dare da rana sai sharo wannan majina zuwa sama. Muna haɗiye ta ba mu ma sani ba. Idan sharar ta fi ƙarfin tsintsiya, ko wani abu ya faɗa hanyar, kamar ƙwayar shinkafa ko hayaƙin barkono, sai jiki ya koma ga tari.

Abin yana tafiya ne kamar sha'anin sarauta. A jikin maƙogwaro da hanyoyin iska akwai bakunan jijiyoyi masu saurin jin taɓi, su ne kamar masu unguwa. Da sun ji baƙon abu sai su ba da saƙo ta wata doguwar jijiya wadda ta taso daga ƙirji ta bi ta wuya, ita ce ɗan aike. Saƙon yana isa wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwa, daidai ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka. Nan ne fadar hakimin tari. Shi zai auna ƙarar, in ya ga ta isa sai ya ba da umurni. Nan da nan mutum ya ja numfashi, 'yar ƙofar da ke saman maƙogwaro ta rufe, naman ƙirji da na ciki su matsa, sa'an nan ƙofar ta buɗe farat ɗaya. Kamar a toshe bakin zugazugin maƙeri ne a matsa da ƙarfi, sa'an nan a saki. Iskar da ta fito ita ke yin waje da abin da ya tare hanya.

Kun ga ke nan tari gadi yake yi mana. Wanda ba ya iya tari, kamar tsohon da ciwon shanyewar jiki ya kayar, shi ne abinci da majina ke gangara masa cikin huhu har ya kamu da ciwon haƙarƙari.

Amma wani lokaci masu unguwa sukan cika kai ƙara. Idan mura ta kama mutum, fatar cikin maƙogwaro takan kumbura ta saluɓe, bakunan jijiyoyin nan su zama a fili. Daga nan iska mai sanyi kaɗan, ko dariya, ko doguwar magana, ko kwanciya kawai, sai su aika fada. Mutum ya yi ta tari babu abin da ke fitowa, tarin kuma ya ƙara goge maƙogwaron, gogewar ta ƙara jawo tari. Wannan shi ne busasshen tari mai hana barci, mai sa ciwon kai da ciwon ƙirji, wanda yakan sa mace mai ciki ko wadda ta haihu da yawa fitsari ya kufce mata. Domin irin wannan tari aka yi DM.

Inda maganin ke zuwa

Yawancinmu muna zaton idan mun sha maganin tari yana wanke maƙogwaro ne ya gangara ƙirji ya kashe ciwon. Ba haka abin yake ba. Abin da aka haɗiya ciki yake zuwa, ba ya bi ta huhu. Daga hanji sai ya shiga jini, jini ya kai shi ƙwaƙwalwa, ya isa fadar hakimin nan na ƙeya. Aikinsa a can shi ne ya rage wa hakimi saurin ɗaukar ƙara. Saƙo yana nan yana zuwa daga maƙogwaro kamar da, amma ƙaramar ƙara ba ta isa ta tashe shi ba, sai babba. Saboda haka wadda ta sha shi daidai ƙa'ida, in ta ƙware da ruwa za ta yi tari, amma ɗan ƙaiƙayin nan da ke tashinta kowane minti biyar zai lafa.

Yakan fara aiki bayan minti 15 zuwa 30, ya yi awa uku zuwa shida yana aiki, sa'an nan hanta ta sarrafa shi ya fita ta fitsari. Wasu mutane hantarsu ba ta saurin sarrafa shi, haka aka halicce su, shi ya sa za ki ga ku biyu kun sha cokali ɗaya, ke lafiya lau, ita kuwa tana jin jiri da gyangyaɗi.

Ga abin da ya kamata kowace uwargida ta riƙe. DM ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Ba ya rage kumburi, ba ya tsinka majina, ba ya rage kwanakin mura. Jiki ne ke warkar da kansa, shi maganin hutu kawai yake saya miki kafin a warke. Tarin mura kuwa yakan kai mako biyu zuwa uku kafin ya ɗauke sarai, ko an sha magani ko ba a sha ba. Masanan da suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan magungunan tari na kemis sun ga cewa taimakonsu ga manya kaɗan ne, ba kamar yadda masu talla ke kururutawa ba. Wani kashi na sauƙin da muke ji ma daga zaƙi da kaurin ruwan maganin yake, domin yana lulluɓe maƙogwaro na ɗan lokaci.

To, me ya raba shi da kodin, tun da shi ma kodin a wannan fada yake aiki? Abin mamaki, DM dangin su mofin ne a wajen ƙira. Sai dai akwai shi iri biyu, na dama da na hagu, kamar takalmi. Farkon sunansa ma a harshen Latin ma'anarsa dama. Na hagun ƙwaya ce mai ƙarfi wadda doka ta tsare. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu gurabe da mofin da kodin ke zama a ciki su kashe zafi, su sa maye, su rage numfashi. Na hagun yana shiga waɗannan gurabe daram, na daman kuwa ba ya zama, kamar yadda takalmin dama ba ya zama a ƙafar hagu. Ta wasu ƙofofi dabam yake bi. Wannan ne ya sa in an sha shi bisa ƙa'ida ba ya kashe zafin ciwo, ba ya danne numfashi, ba ya kuma ɗaure ciki kamar kodin.

Akwai wani maganin kuma, shi ma ba na maye ba, mai suna benzonatet, wanda aka fi amfani da shi a Amurka, can ma sai da takardar likita. Shi maimakon ya je fada, masu unguwa yake sa wa barci. Dangin allurar kashe zafi ne irin wadda likitan haƙori ke yi, yana sa bakunan jijiyoyin huhu su daina jin taɓi. Ƙwaya ce mai taushi mai ƙyalli kamar tsakiya. In wani ya kawo miki ita daga tafiya, ki sani haɗiyewa ake yi ɗungum. Idan aka tauna ko aka tsotsa, baki da maƙogwaro za su mutu, mutum ya shaƙe. A 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ƙananan yara sun mutu bayan sun ɗauke ta alewa, saboda haka ba a ba yaron da bai kai shekara 10 ba.

Wane tari ake kwantarwa, wanne ake ƙyalewa?

Idan tari yana fito da kaki, to, shara yake yi, kuma ba a ɗaure hannun mai shara. Wadda ta danne irin wannan tari ta bar majina kwance a huhu, a nan kuma ƙwayoyin cuta ke samun wurin zama. Abin da mai kaki ke bukata shi ne ruwa da yawa, da abin sha mai ɗumi, domin majinar ta tsinke ta fito da sauƙi. Shi ya sa magungunan tari suka kasu biyu, akwai mai kwantar da tari, akwai mai tsinka majina. Idan za ki aika kemis, kada ki ce maganin tari kawai. Ki faɗi ko na wane ne, shekarunsa nawa, kwana nawa yana yi, busasshe ne ko mai kaki.

Akwai kuma tarin da ba na kemis ba ne sam, na asibiti ne. Duk tarin da ya kai mako biyu, musamman in akwai zazzaɓin yamma, da gumin dare, da rama, ko jini a cikin kaki, a tafi asibitin Karaye ko na Rogo ko wanda ya fi kusa a nemi gwajin kaki. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, gwajinsa da maganinsa kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe domin haka, ana sha wata shida a warke. Matar da ta yi wata uku tana rufe tarin fuka da kwalba bayan kwalba, ba kanta kaɗai ta cuta ba, har da jaririn da ke kwana a jikinta da duk wanda suke ɗaki ɗaya. Mai ɓoye ciwo ba ya samun magani.

Haka nan mai asma, wadda ƙirjinta ke kuka kamar mage, hanyoyin iskarta ne suka tsuke, maganinta shi ne wanda zai buɗe su. Iyayenmu masu hawan jini kuma su lura, akwai wani maganin hawan jini mai suna lisinofiril da 'yan uwansa waɗanda kan sa wasu mutane busasshen tari mai naci. Babu kwalbar da za ta tsai da shi. Kada kuma a daina shan maganin da ka, a koma wurin likita ya canza wani. Akwai ma wadda ƙwannafi ne ke tashinta da tari cikin dare, ita gyaranta a ciki yake.

Maganar yara

A nan ne ya kamata mu fi buɗe kunne. Yaro ba ƙaramin babba ba ne da za a ce a raba masa cokali biyu a ba shi rabi. A 2008 kamfanonin Amurka suka fara rubuta wa a jikin irin waɗannan magunguna cewa kada a ba yaron da bai kai shekara 4 ba. A 2009 hukumar magunguna ta Ingila ta ce kada a ba wanda bai kai shekara 6 ba. Dalilinsu shi ne ba a ga shaidar cewa suna taimakon ƙananan yara ba, an kuwa ga waɗanda suka cutu.

To, me za a ba su? Abin da kakanninmu suka sani tun da, watau zuma. A 2007 wasu likitocin yara a Jihar Fensilbaniya ta Amurka suka gwada yara 105 masu tarin mura. Wasu aka ba su zuma kafin barci, wasu DM, wasu ba a ba su kome ba. Da aka tambayi iyaye washegari, 'yan zuma ne suka fi samun sauƙin tari da barci. Rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya ya isa, ko a lasa, ko a dama da ruwan ɗumi da ɗan lemun tsami. Amma a kiyaye, jaririn da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma ko kaɗan, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yaƙe ta ba, wadda ke shanye jiki har numfashi ya gagara. Shi jariri maganinsa nono, a ƙara ba shi akai-akai, a share masa hanci, a nisanta shi da hayaƙi.

Abin da ke kashe yara shi ne ciwon haƙarƙari, wanda a asibiti suke kira namoniya, kuma uwa tana iya gane shi tun a ɗaka. Ki bari yaro ya natsu, ki ɗaga rigarsa, ki duba agogo ko waya, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya kai 60 ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Idan ya kai haka, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja numfashi, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, to, a nemi abin hawa a tafi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Maganin kwantar da tari a irin wannan hali rufe ido kawai yake yi, tari ya lafa, uwa ta saki jiki, ciwo kuwa yana ci a ciki.

Tarin shiƙa, wanda yaro ke yi a jere har ya shiɗe ya yi amai, shi ma ba ya jin maganin kemis. Rigakafinsa allura ce da ake yi wa jariri yana da mako 6, da mako 10, da mako 14, ita ce kuma ke tsare shi daga mashaƙo, wanda ya yi ɓarna ƙwarai a Jihar Kano a 2023. Sa'an nan ga al'adar nan ta ɗora wa hakin wuya laifi, wanda wasu ke kira belu, a kira wanzami ya cire. Likitoci sun daɗe suna faɗa cewa halitta ce da kowa ke da ita, cire ta ba ya maganin tari, yana kuwa jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Ba ya sa maye, amma da sharaɗi

Kada wannan suna na wanda ba ya sa maye ya ruɗe mu. Gaskiya ne muddin an tsaya a kan ma'auni. Ga babban mutum, abin da aka saba rubutawa shi ne miligiram 10 zuwa 20 kowace awa 4, ko miligiram 30 kowace awa 6 zuwa 8, kuma kada ya wuce miligiram 120 cikin awa 24. Ƙarfin kowace kwalba dabam yake, saboda haka abin da aka rubuta a jikinta shi za a bi. Wadda ta ƙetare iyaka za ta gamu da ruɗewa, da gane-gane, da tangaɗi, da bugun zuciya, har da farfaɗiya da suma. Idan aka haɗa shi da taramol, ko da wasu magungunan da likitocin ƙwaƙwalwa ke bayarwa domin ciwon damuwa, yana iya jawo zazzaɓi mai zafi da karkarwa da ka iya kai mutum lahira.

Wani babban bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 2.4 a ƙasar nan sun sha maganin tari ba domin tari ba, kuma a lissafin an haɗa mai kodin da mai DM. Abin da ya fi taɓa mu shi ne, a yawancin ƙwayoyi maza sun fi mata nesa ba kusa ba, amma a wajen maganin tari mata sun kamo maza. Dalili a fili yake. Kwalbar magani ba ta da wari kamar wiwi, ba ta da kunyar saye, tana shiga jaka, kowa ya gani sai ya ce sannu.

Ku 'yan mata 'yan makaranta, musamman na kwana, da ku nake. Kwalbar da aka ba ki daga gida taki ce ke kaɗai, ba ta zagaya ɗaki ba ce. Duk ƙawar da ta ce ki zuba a lemo domin ki ji daɗin barci, ko ki manta da damuwar jarrabawa, ko ki cire kunya a wurin biki, ba ƙaunarki take yi ba. Da cokali ake farawa. Waɗanda aka kai makarantar gyaran hali da gwamnatin jiha ta kafa a Kiru, nan maƙwabtan Karaye, babu wanda ya fara da niyyar ya kai can.

Ke kuma uwargida, idan zaman gida ya yi miki zafi, ko kishi, ko rashin barci, ko baƙin cikin da ba ki da wanda za ki faɗa wa, kwalba ba za ta raba ki da shi ba, sai dai ta ƙara miki na biyu. Wadda ta riga ta saba kuwa, kada a yi mata gori ko a tona ta a tsakar gida. Ciwo ne, yana kuma da magani. A Asibitin Malam Aminu Kano da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau akwai likitocin da aikinsu ke nan. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Kafin a buɗe kwalba

Da farko a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace, a kuma saya a kantin magani mai rajista, ba a faranti ko a bayan mota ranar kasuwa ba, inda rana ke dukansa tun safe. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 yara 84 suka mutu a ƙasar nan bayan an ba su wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu wani sinadari mai kashe ƙoda a ciki, kuma asibitin koyarwa na Zariya, nan kusa da mutanen Rogo, yana cikin wuraren da aka fara ganin yaran. A 2022 kuma kimanin yara 70 suka mutu a ƙasar Gambiya, aka danganta mutuwarsu da gurɓatattun magungunan tari da mura na ruwa.

Na biyu, a karanta abin da ke ciki, wadda ba ta iya ba ta sa 'yarta 'yar makaranta ta karanta mata. Kwalabe da yawa gauraye ne. Ban da DM akan sa maganin da ke tsai da yoyon hanci, shi ne mai sa barci, akan sa mai buɗe hanci, wanda ke iya tayar da hawan jini, wani lokaci har da farasitamol. Wadda ta sha irin wannan ta kuma ƙara da ƙwayar farasitamol ta ninka wa hantarta kaya. Mai ciwon suga ta tuna yawancinsu da sukari ake yi. Mai ciki da mai shayarwa kada su sha sai sun tambaya a wurin awo.

Na uku, a auna da ɗan kofin ko cokalin da ya zo da maganin. Cokulan gidajenmu wani ya fi wani, kafa kai a kwalba kuwa ba awo ba ne. In an gama a rufe a ajiye inda hannun yaro ba ya kai, domin zaƙinsa yana jansu.

Na huɗu, a rage abin da ke kawo tarin tun farko. A yi girki inda iska ke ratsawa, kada a goya jariri a tsaya cikin hayaƙi, kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, a yayyafa ruwa kafin shara, a rufe hanci da gefen mayafi wajen sussuka da shiƙa. Kafso kuma ba ya maganin mura, a bar shi sai likita ya rubuta.

Idan ke babba ce, tarinki busasshe ne, na 'yan kwanaki ne, ya hana ki barci, to, DM bisa ma'auni zai ba ki hutun dare, wannan shi ne iyakar aikinsa. Idan kuwa yaro ne ƙarami, ko akwai kaki, ko haki, ko jini, ko an kai mako biyu, kuɗin kwalbar gara a yi kuɗin mota da shi zuwa asibiti. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da mu da iyalanmu, ya sa mu ga bayan hunturun bana lami lafiya, amin. Sai mun sake saduwa.